Golf ɗin Lawali ta wuntsila: a miƙe ta ko a nemo wata ganga?

Lawali: Assalamu alaikum ƴan'uwa. Na gode da addu'o'i, da waɗanda suka tako har gida, da waɗanda suka kira. Jiki da sauƙi, kafaɗa ce kawai ke ciwo inda bel ya riƙe ni. Ga hotunan motar nan na turo. Waɗanda ba su je filin tseren mota ran Lahadi ba: a kwanar ƙarshe ta hagu, wadda ke bayan tsamiya, ƙafar gaba ta dama ta lanƙwashe ta shige ƙarƙashin mota, ta tokari ƙasa, motar ta juya ta tsaya kan rufinta. Yanzu tana garejin Malam Isufu a unguwar Zariya. Rufi ya lotsa, ginshiƙin gilashin gaba na dama ya shigo ciki, radiyata ta fashe, ƙofar direba ba ta rufuwa. Inji ban tada shi ba tukuna. Shawara nake nema: in ba da ita a miƙe, ko in haƙura in nemo wata ganga, wato jikin wata motar, in juye kayan a ciki? Ina son in dawo fili kafin ruwa ya sauka.

Nura Katsina: Allah Ya tsare gaba. Da na ga bidiyon sai da na ajiye waya.

Ɗan Baba: Yaya Lawali ka ci gasar tsalle dai, wannan babu mai ja da kai 😂 Allah Ya ƙara sauƙi.

Zainabu: Kafin a shiga zancen ƙarfe. Lawali, an duba kanka kuwa? Ba kafaɗa nake tambaya ba. In ka ji ciwon kai yana ƙaruwa, ko amai, ko barci mai nauyi da ba ka saba ba, ko gani bibbiyu, kada ka jira wayewar gari, ka tafi asibiti. Bugun kai yakan yi shiru da farko. Wuya kuma in yana riƙewa ko hannu yana mutuwa, a yi hoto, kada a kai ka wurin mai ɗori ya ja.

Lawali: An duba, Anti Zainabu, an yi hoton wuya, lafiya lau. Na gode.

Mutari Tolye: Kawo ta nan Lawali. Wallahi na miƙe waɗanda suka fi wannan muni. Akwai wata Corolla da ta faɗa rami a hanyar Ɗan Isa, mai ita har ya ce a yanka ta a sai da ƙarfe, yau tana ɗaukar mutane zuwa Madarunfa. A ɗaure ta jikin dogon yaro, a sa sarƙa da palan, a ɗan gasa wurin da wuta, a ja sannu. Rufi a yanke a sa na wata. In na shafa mastik na fesa fenti, ko kai ba za ka gane inda ta bugu ba.

Injiniya Sani: Malam Mutari, aikinka ba a raina shi, ni kaina ka gyara mini mota. Amma ka lura da abu guda. Corollar da ke zuwa Madarunfa da motar da za ta shiga kwana a guje a kan jan ƙasa ba buƙatarsu ɗaya ba. Golf 3 ba ta da shasi daban irin na Hilux ko Land Cruiser, wanda za ka ɗaga jiki ka miƙe ƙarfen ƙasa ka mayar. Jikin nata shi ne shasin. Faranti ne siriri aka lanƙwasa aka haɗa da ɗigon walda, ƙarfinsa yana cikin siffarsa ne. Ka ɗauki gwangwanin madara ka matse shi, ka sake buɗe shi da hannu: zai koma kamar da a ido, amma in ka sake matsawa, a wurin nan na farko zai karye, kuma da rabin ƙarfin da ka sa da farko. Wuta kuma tana ƙara lalata shi, don tana canza taurin ƙarfen. Ni abin da ya fi damuna a hotunan ba rufi ba ne. Ku dubi hoto na uku, inda amortisar na dama, abin da ke shan gargada, ke ɗaure a sama. Fentin wurin ya tsage kamar an ja layi. Fenti ba ya tsagewa haka sai ƙarfen da ke ƙarƙashinsa ya motsa.

Mutari Tolye: Injiniya, ku na takarda ne, mu na guduma. Fenti ko rana tana tsaga shi a Maradi.

Injiniya Sani: To kada mu yi musu, mita za ta raba mu. Malam Isufu, don Allah a sa motar wuri mai daidai, a auna ta a gicciye: daga ƙusar saman amortisar na dama zuwa wani rami na masana'anta a bayan hagu, sannan daga na hagu zuwa irin wannan ramin a bayan dama. A sake yin haka a ƙasa, daga inda berso, ƙarfen da ke riƙe ƙafafun gaba, ke ɗaure. Masu gyaran jikin mota ba sa yarda bambanci ya wuce kamar milimita 3. Kada a auna daga tayoyi, don ƙafar da ta karye za ta ba da lissafin ƙarya.

Alhaji Habu: Ni dai ina da magana, ko za a ji haushina. Lawali, kai ɗan ƙanena ne, mahaifinka abokin kasuwancina ne tun muna kai gyaɗa Kano. Allah Ya fisshe ka da ranka, kana da mata da ɗiya biyu, amma abin da ke gabanka shi ne yadda za ka koma. Allah Ya ce kada ku jefa kanku cikin halaka da hannuwanku, yana nan cikin Baƙara, aya ta 195. Kuɗɗin da za ka zuba cikin wanga ƙarfe, jarin wani ne.

Ɗan Baba: Baba Alhaji, da girmanka, amma dokinka da ke sukuwa duk sallah fa? Yaron da ke hawansa ko hula ba ya sawa.

Alhaji Habu: Doki gado ne, yaro. Kuma doki yana da hankali, in ya ga rami yana tsayawa.

Lawali: Baba, na ji, kuma ban ɗauke ta da zafi ba. Abin da zan ce shi ne, dalilin da ya sa muka roƙe ka aron filin nan ke nan. Da a bakin kwalta samari ke wannan wasa, ran biki, cikin mutane da ƴan kabu-kabu. Mu muka ce a fita gari, a shata hanya, mota ɗaya-ɗaya, a kama lokaci da agogo. Da a kwalta ƙafar nan ta karye, da yanzu wani zance ake.

Malam Isufu: Salamu alaikum. Yarona ne ke rubuta abin da nike hwaɗi, ni idona bai ganin ƙananan baƙaƙen ga. Duk kuna ta zancen miƙewa da sakewa, babu wanda ya tambayi abin da ya kada motar. Na kwance ƙahwar. Rotil na ƙasa, mahaɗin nan mai kan ƙwallo da ke haɗa ƙahwa da gindin taya, shi ne ya tsinke a wuya. Na wanke wurin karayar da isansi na duba da kyau. Fiye da rabinshi baƙi ne, ya yi tsatsa, ya yi sumul, da layuka kamar zobe-zobe. Ɗan abin da ya rage ne hwari mai ƙyalli, mai kaushi. Ma'ana, ƙarhen ya daɗe da tsagewa, yana ci kaɗan-kaɗan duk ramin da aka shiga, ran Lahadi ne kawai ya ida rabuwa. Da bugun ne ya karya shi, da duk fuskar ta yi hwari. Ke nan ba juyawar ta karya ƙahwa ba, ƙahwar ce ta juya motar. A kwanar hagu nauyi duka yana komawa tayar dama ta gaba, can ya nemi mai riƙe shi bai samu ba.

Nura Katsina: Ikon Allah. Sabo ne ko na Beljiyam?

Lawali: Sabo fil a kwali na saye shi bara, da tambari da komai, mai shagon ya ce orijinal ne.

Nura Katsina: Kwali ai ba wuya. Ni da nake zirga-zirgar Ƙofar Ruwa na sani, akwai kwali mai kyau da ke ɗauke da kayan da ko amalanke ba za ka sa wa ba. Sau da yawa gara tsohon da aka ciro daga motar Turai a kan sabon da ba ka san uwarsa ba. Araha ba ta ado.

Injiniya Sani: A kan rotil ban yarda da tsoho ba ko daga ina ya fito, don ba ka ganin cikinsa. Amma bayanin Malam Isufu shi ne mafi tsada a duk abin da aka faɗa yau. Kuma ya shafi kowa a nan. Motoci nawa ne ke shiga filin da irin wannan rotil ɗin? Ya kamata kafin kowane wasa a ɗaga kowace mota a jak, a girgiza taya sama da ƙasa, hagu da dama, a sa ƙarfe a ɗaga ƙafar a ga ko tana kaɗawa. Wanda robar rotil ɗinsa ta yage, ƙura ta shiga, ya koma gida.

Malam Isufu: Mun auna kamar yadda Injiniya ya ce. A sama bambancin milimita 16 ne. A ƙasa 11. Lonjero na dama, dogon ƙarhen da ke riƙe gaban mota ta gefen inji, ya yi ƙundu bayan inda berso ke kamawa, ka sa hannu ka ji shi. Mutari ƙanena ne, tare muka sha wuyar koyo, amma wagga ba ta jikin itace ba ce. Ko an ja ta ta zo daidai a mita, za ta riƙa cin taya, tana jan gefe, kuma ran da ta sake bugawa nan za ta naɗe.

Mutari Tolye: In da teburin miƙa mota irin na manyan garejojin Yamai ne, da za ta zo.

Injiniya Sani: Da za ta zo, a yanke lonjeron a sa wani. Amma ka haɗa kuɗin kai ta Yamai, sama da kilomita 600, da kuɗin aikin, da rufi, da ginshiƙi. Ka sayi ganga biyu.

Mutari Tolye: To na ji. Amma ban yarda cewa ba ta gyaruwa ba, tsada ce kawai ta yi.

Lawali: To ganga ke nan. Kejin ƙarfen da ke ciki mai kare direba fa? Shi ya cece ni, ina son in yanko shi in mai da cikin sabuwar. Ya ɗan lanƙwasa ta dama kawai.

Injiniya Sani: A nan ne za mu ɓata da kai, Lawali. Kejin nan ya gama aikinsa, a bar shi ya tafi da tsohuwar ganga. Kuma tun ran da na gan shi nake son in yi magana. Bututun ruwa ne, mai farin shafe. Ka sa yatsa cikin bakinsa za ka ji ɗinki a tsaye daga farko har ƙarshe, don faranti ne aka naɗe aka like. In ya sha matsi, ta ɗinkin yake buɗewa. Dokar FIA, hukumar wasan motoci ta duniya, ta ce bututun keji ya zama marar ɗinki, wanda aka ja shi a sanyi. Babban bakan da ke bayan kan direba ya zama mai faɗin milimita 45 da kaurin 2.5, ko 50 da kaurin 2. Sauran sassan 38 da 2.5, ko 40 da 2. Ba a gasa shi a lanƙwasa, da injin lanƙwasa ake yi a sanyi, don kada ya tsuke a kwana. Kuma duk inda ƙafar keji ta sauka, sai an sa faranti mai kaurin milimita 3 a ƙalla, mai faɗin santimita murabba'i 120 a ƙafafun manyan bakuna, 60 a na sandunan baya, in ba haka ba ƙafar za ta huda dandamalin motar ta fita kamar ƙusa. Ku koma hoto na biyar. Ƙafar baya ta dama ta riga ta fara hudawa. Da motar ta ƙara juyi ɗaya, ban san abin da zai faru ba. Ba cewa nake mu nemi takardar FIA a Maradi ba, babu mai zuwa ya duba mu. Amma lambobin nan ba don ado aka rubuta su ba, bayan mutane sun mutu aka kai gare su.

Ɗan Baba: To ina za a samu irin wannan bututun a nan? Kasuwa duk na rijiyar burtsatse ne.

Nura Katsina: Ana samu a Kano wurin masu kayan injinan masana'anta, waɗanda ke sai da bututun haidirolik da na tukunyar tururi. Sai dai a je da abin awo, don za su ce maka duk ɗaya ne. Matsalar ita ce mai lanƙwasawa.

Mutari Tolye: Walda dai ku bar mini. Amma gaskiyar Injiniya a kan farin bututun nan, hayaƙinsa in kana walda yana sa zazzaɓi da dare, duk mai aikin ya sani. Kuma faranti a jikin mota ba na waldar baget ba ne, tana ƙona shi ta huda. Akwai mai injin waya da gas a Ali Ɗan Sofo, zan yi masa magana.

Zainabu: Tunda an zo kan abin da za a zubar: hular kwanon da ta bugi ƙarfe ita ma ta gama. Farin soson da ke ciki sau ɗaya yake matsewa, ba ya dawowa, ko da bayan hular bai nuna komai ba. Na ga masu babur da yawa da aka kawo mana asibiti da hula lafiya lau a ido.

Injiniya Sani: Haka ne, da bel ɗin ma. Zarensa yana miƙewa ya sha bugun, shi ya sa kafaɗarka ke ciwo maimakon ƙirjinka ya daki sitiyari. Wanda ya miƙe sau ɗaya ba ya sake yi. Ko bai yi hatsari ba, shekara 5 FIA ta ba irin wannan bel ɗin. In da hali kuma a nemi abin riƙe wuya da ake kira HANS. Dale Earnhardt, babban direba a Amurka, ya mutu a Daytona a 2001 cikin mota mai keji da bel da hula, jikinsa ya tsaya, kansa ya wuce gaba, gindin ƙoƙon kai ya karye. Bayan nan aka tilasta shi a can, Formula 1 ma ta tilasta shi a 2003.

Lawali: Injiniya, kana ta ƙara mini lissafi 😅 Ni da na yi niyyar in sa injin 2.0 a wannan karon.

Malam Isufu: Bar 1.8 ɗinka, ɗiyana. Ba inji ya hana ka cin lokaci ba. Kuma kada kowa ya murza makullin motar ga. Ta daɗe kife, kuma an ce injin ya ci gaba da aiki kahin a kashe shi. Mai ya gangara cikin silinda. In ka tada shi haka, piston ya tarar da mai, mai kuwa ba ya matsuwa, sai biyel, sandar da ke riƙe piston, ta lanƙwashe. Za mu cire buji huɗun, mu juya shi da hannu ya tofar da abin da ke ciki, mu sake mai da matata, sannan mu auna matsin kowace silinda. In sun yi kusa da juna, to. In na ji ƙwanƙwasa a ƙasa, sai mun buɗe karter, kaskon mai na ƙasan inji, mun duba kusine, matashin da biyel ke juyawa a kai, don lokacin da yake kife famfon mai iska yake ja. A sabuwar kuma a sa makashin wuta babba, ɗaya ciki inda hannunka ke kai, ɗaya waje inda mai ceto zai ja. Batir ɗinka da igiyar roba aka ɗaure shi, na same shi kwance kan inji. Allah ne Ya kiyaye gobara.

Ɗan Baba: Baba Isufu, ba mu labarin Agadas mana, an ce ka taɓa motar Paris-Dakar.

Malam Isufu: Ban taɓa ba, kallo na yi, ina yaron gareji can lokacin da suke yada zango. Abin da na riƙe shi ne, mutanen Peugeot in mota ta shigo da dare ba su tambayar mi ya lalace. Ƙahwahun duka suke kwancewa su sa sabbi, ko lahiyarsu lau. Mu muna tsaye muna cewa wagga ɓarna da mi ta yi kama. Ari Vatanen da ya ci a 1987 da 205, tun ranar hwarko a Faransa ya buga ta ya karya mata ƙahwa, aka gyara, ya zo ya ci. Shekarar da ta biyo kuma aka sace mishi 405 a Bamako yana kan gaba.

Ɗan Baba: To Yaya Lawali kai dai ba mai sace taka yanzu 😂

Nura Katsina: Maganar ganga. Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 motocin Kwatano ba sa shigowa kamar da, komai ya hau. Amma Golf 3 ta cika Katsina da Kano, akwai waɗanda inji ko giya ya mutu aka jingine. Na san biyu. Sai dai a yi hankali da takarda. Lambar shasi tana jikin ganga, in ka sake ganga ka sake mota ke nan a wurin duwan da jandarma. Kart giriz ɗin tsohuwar, wato takardar rajistarta, ba zai yi aiki a kanta ba, kuma kada wani ya ba ka shawarar yanko lamba a liƙa, wannan ɗauri ne.

Lawali: Ba za ta hau kwalta ba ai, a kan kamiyo za a riƙa kai ta fili.

Nura Katsina: Ko a kan kamiyo ne sai ta wuce Jibiya da Ɗan Isa, za a tambaye ka. In an samu ta cikin gida mai takardar Nijar, ko ta fi tsada, ta fi kwanciyar hankali.

Alhaji Habu: Na karanta duka. Ra'ayina bai sake ba, kuma zan gaya wa mahaifinka haka. Amma tunda kun ƙi bari, fili nawa ne, ga sharaɗina. Na ga bidiyon, yara suna tsaye daidai bayan kwanar da motar ta tahi. Daga yau babu mai tsayawa ta wajen kwana, kowa ya koma ciki, a ja igiya. A cike kwalbatin da ke bakin tsamiyar. Malam Isufu ya duba ƙahwahun kowace mota, wadda ya ce a'a ba ta shiga, ko ta ɗan wa ce. A zo da abin kashe wuta, kuma Zainabu ko wani ma'aikacin lahiya ya kasance a wurin da mota a shirye. In babu ɗaya daga cikin waɗanga, in sa a yi mini huɗa in shuka hatsi.

Zainabu: Na yarda, Baba, in ba ranar aikina ba ce. In ranar aiki ce zan nemo wanda zai tsaya.

Lawali: Mun karɓa, Baba. Ke nan kafin damina babu zance, sai bayan girbi. Nura, turo hotunan biyun, amma zan fara tambaya a nan da Tasawa ko akwai mai takardar gida.

Malam Isufu: Duk wadda aka samu kada a ba da ko dala sai na gan ta. A ɗaga kafet a duba dandamali, motocin Turai gishirin hanya yana cinye su ta ƙasa. A duba inda ake sa jak, da kewayen amortisar, a auna ta a gicciye kamar yadda muka yi wa wagga. Mai ƙohwa biyu ko huɗu duk ɗaya ne gare mu.

Mutari Tolye: Tsohuwar gangar kuma kada a kai wa ƴan gwangwan. Ƙofofin baya da but lafiyarsu lau, ina da mai so. Lawali, faɗi kuɗinka.

Lawali: Sai an gama kwashe waya da tanki da giya tukuna. Wa ke da kamiyo ran Asabar? Malam Isufu ya ce ta tare masa ƙofar gareji, a matsar da ita bayan gidanmu.

Ɗan Baba: Na kawu Sale yana nan, amma sai bayan la'asar, da safe yana kai siminti Tibiri. A tanadi mutum shida na turi, ƙafa uku gare ta.